Daga Isha'i Zuwa Asuba: Yadda Ɗan Wasa Zai Tsara Barcinsa

Duk wanda zai tsara wa ɗan dambe, ɗan kokawa ko ɗan ƙwallo barci a Anka, Gummi ko Bukkuyum, daga asuba zai fara lissafi ya dawo baya. Lokacin tashi ba a hannun kowa yake ba. Ladan zai kira salla tsakanin ƙarfe biyar da shida saura, gwargwadon lokacin shekara, daga masallaci kuwa sai gona, ko fadama, ko kasuwa, ko makaranta. Ɗan wasan da ke cin albashi a Turai yana iya kwanciya a makare ya rama da hantsi. Saurayin da mahaifinsa ke buga ƙofar shagonsu tun da duhu ba shi da wannan gatan. Wuri biyu kaɗai ya rage masa ya ƙara barci: farkon dare da tsakar rana.

Likitocin barci sun yi ittifaƙi a kan cewa baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9 a kwana, matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Mai atisaye mai tsanani, musamman wanda ya haɗa shi da noma ko dako, yana can wajen babban adadin. To ɗauki ƙarfe biyar da kwata a matsayin lokacin tashinka. Awa takwas baya shi ne tara da kwata na dare. A wannan lokacin ya kamata a ce barci ya riga ya ɗauke ka, ba a ce yanzu kake neman wanda zai ara maka caja ba. Sallar isha'i tana ƙarewa wajen takwas zuwa takwas da rabi, ke nan awa ɗaya ce a hannunka ta cin abinci, wanka da 'yar hira.

Na san yawancin samari za su ce wannan barcin kaji ne. Shi ke nan, a sassauta: goma na dare zuwa biyar da kwata awa bakwai ne da kwata, idan aka ɗora ƙailula ta minti talatin an kusa cika takwas. Abin da ba ya ɗaukar sassauci shi ne wanda aka fi yi, wato a kwanta sha biyu da rabi a tashi biyar, kwana shida a jere, sannan a ce za a rama ranar Juma'a. Wanda ke yin haka yana rasa kusan awa uku kowane dare, awa goma sha takwas ke nan a mako, kuma barcin yini ɗaya ba ya biyan wannan.

Abin da jiki ke yi cikin dare

Atisaye ba ya ƙara ƙarfi a lokacin da ake yin sa. Gudu, tsalle, dukan buhu da ɗaga ƙarfe suna yi wa tsoka ƙananan raunuka ne, suna kuma ƙarar da sukarin da ta ajiye. Gyaran yana zuwa daga baya, kuma mafi yawansa cikin barci. Maginin ƙasa ya san wannan: idan ya aza sahu ɗaya na tubali ya yaɓe, sai ya bari ya sha iska kafin ya ɗora wani, in ba haka ba katangar ta zauna.

Barci zagaye-zagaye yake zuwa, kowanne kimanin minti 90, sau huɗu zuwa shida a dare. Zagayen farko-farko su ne ke ɗauke da barci mai nauyi, irin wanda ake girgiza mutum bai sani ba. A cikinsa ne jiki ke sakin kaso mafi girma na sinadarin girma, mai taimakawa wajen gyaran tsoka da ƙashi. Zagayen ƙarshe-ƙarshe, na goshin asuba, su suka fi yawan barcin mafarki da barci marar nauyi, kuma suna da hannu wajen zaunar da abin da aka koya da rana: yadda ake kauce wa hannu, yadda ake sa ƙafa a kokawa, yadda ake tare ƙwallo da ƙirji. Ga inda matsalarmu take. Wanda ya kwanta ɗaya na dare ya tashi biyar zai samu barci mai nauyin nan, domin jiki shi yake fara karɓa, amma zagayen ƙarshe sun tafi. Zai ji kamar ya yi barci, sai dai dabarar da aka nuna masa jiya ba ta zauna ba.

An gwada waɗannan abubuwa. A shekarar 2011 wata mai bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, Cheri Mah, ta wallafa sakamakon aikin da ta yi da 'yan ƙwallon kwando 11 na jami'ar. An nemi su riƙa yin awa 10 a kan gado kowane dare har mako biyar zuwa bakwai. Gudun da suka saba yi cikin daƙiƙa 16.2 ya koma 15.5, jifansu da ke faɗawa kwando ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100. Mutum goma sha ɗaya ba yawa ba ne, kuma ba a ware wasu a gefe don kwatantawa ba, saboda haka ba na ɗaukar alƙaluman kamar yankan wuƙa. Amma alkiblar da suka nuna ita ce wadda sauran bincike ke nunawa. A wannan shekarar dai, a Jami'ar Chicago, an taƙaita wa samari 10 masu lafiya barci zuwa awa 5 na mako guda, sai sinadarin mazakuta na jininsu, wanda ke da hannu a ginin tsoka, ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. A 2014 kuma wani bincike a kan ɗalibai 'yan wasa 112 a Kalifoniya ya gano cewa masu barcin ƙasa da awa 8 sun fi sauran samun rauni da ninki 1.7.

Binciken da ya fi shafar ɗan dambe shi ne na shekarar 2000, inda masu bincike Williamson da Feyer suka auna saurin hankalin mutanen da suka yi awa 17 zuwa 19 ido biyu. Sun same su daidai da wanda ya sha giya har matakin da dokar ƙasashe da dama ke hana shi tuƙi, a wasu gwaje-gwajen ma sun fi shi lalacewa. Yanzu ka lissafa: ka tashi biyar na asuba, ba ka runtsa da rana ba, aka kira ka fage ƙarfe goma na dare. Awa goma sha bakwai cif. Ƙarfin hannunka yana nan, domin rashin barcin dare ɗaya bai cika rage ƙarfin bugu guda ba. Abin da ya ragu shi ne ganin hannun abokin karawa tun yana tasowa. Kisa a dambe ƙiftawar ido ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake cewa an yi musu asiri, barci ne ke bin su bashi.

Tsakanin la'asar da kwanciya

Sa'ar da muka yi ita ce lokacin atisayenmu na al'ada ya dace da jiki. Daga bayan la'asar zuwa magariba zafin jiki yana kan ganiyarsa, tsoka ta saki, gudu da ƙarfi sun fi fita. A bar atisaye mai nauyi a nan. Motsa jiki da yamma ba ya hana barci, yana ma taimaka masa, sai fa mai tsanani da aka gama ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya. Masu zuwa ɗaga ƙarfe bayan isha'i su dawo da shi kafin magariba.

Da an tashi daga fili, ruwa ne farko. Idan akwai sikeli a kusa, ka hau kafin atisaye da bayansa ko da sau biyu ne a bazara, don ka san yawan gumin da kake zubarwa. Duk kilo ɗaya da ya ragu yana neman ruwa kusan lita ɗaya da rabi, wato ledar ruwa uku. Ka sha mafi yawansa tsakanin magariba da isha'i, ka rage a awar ƙarshe, don kada fitsari ya yi ta tashin ka. Abincin dare kuwa a ci shi da wuri, awa biyu kafin kwanciya idan da hali. Tuwon dawa, shinkafa ko hoce suna mayar da sukarin da tsoka ta ƙone. Wake, ƙuli-ƙuli, kifi, ƙwai ko nono su ne kayan gyara. Kwana da yunwa yana katse barci, haka ma cika ciki da maiƙo da yaji a ƙarshen dare. Idan yunwa ta taso dab da kwanciya, ludayi kaɗan na fura da nono sun wadatar.

Sai teburin mai shayi. Kowa ya san yadda abin yake: benci biyu, tukunya tana tafasa, mai shayi yana ɗaga kofi sama yana zubo shi cikin wani, ana musun wanda ya fi iya ƙwallo. A ce masa ya ƙara ganye, ya sa Nescafé cokali biyu, ƙarfe tara na dare. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi, kofi, goro da lemunan ƙarin kuzari yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jini. A wani bincike na 2013 an ba mutane miligiram 400 na kafeyin awa shida kafin kwanciya, na'ura ta nuna sun yi asarar fiye da awa ɗaya ta barci, su kuwa ba su ma lura sosai ba. Wannan shi ne amsar mai cewa shi ko ya sha ataya kofi uku yana kwanciya ya yi barci. Barcin yana zuwa, nauyinsa ne ke raguwa. Dokar mai sauƙi ce: shayi mai ganye, kofi, goro da lemon kuzari daga safe zuwa azahar, la'asar ita ce iyaka ta ƙarshe. Ba sai ka ƙaurace wa majalisa ba. Ka ce a haɗa maka madara da ruwan zafi, ko citta da kanumfari ba ganye.

Gidan kallon ƙwallo ya fi wuyar sha'ani, domin ɗan ƙwallo yana koyo a can. Manyan wasannin gasar zakarun Turai suna farawa ƙarfe takwas na dare agogon Najeriya, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, da Turawa suka mayar da agogonsu baya, sai su koma ƙarfe tara, a tashi wajen sha ɗaya. Kafin a gama gardama a isa gida, jini ya kwanta, sha biyu ta wuce. Talata da Laraba ke nan. Ka zaɓi ɗaya cikin biyun, wanda ƙungiyarka ke bugawa, ka bar ɗayan. Mai horarwa mai wayo ba ya sa atisaye mai nauyi da safiyar da ta biyo irin wannan dare, kuma ba ya barin yaransa su je kallo idan saura kwana biyu su buga nasu wasan.

Waya kuwa ba haskenta kaɗai ne matsala ba, abin da ke cikinta ne: bidiyo yana ƙarewa wani na farawa. A shagon samari inda mutum biyar ko shida ke kwana, mutum ɗaya ya isa ya hana kowa barci. Abin da na ga yana aiki shi ne yarjejeniya ta ɗaki gaba ɗaya: ƙarfe kaza a kashe fitila, a tara wayoyi wuri guda nesa da shimfiɗa, mai son hira ya fita waje. Iyayenmu ba su rasa hujja a nan ba, domin ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta.

Game da ƙwaya ba zan yi kwana-kwana ba. Tiramol yana ɓoye ciwo har mutum ya ci gaba da wasa a kan raunin da ya kamata ya tsayar da shi, yana lalata barci mai nauyi, yana kuma iya jawo farfaɗiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Wanda ya sha shi da rana ya kasa barci, sai ya nemi baliyam da dare. Wannan yana kayar da mutum, amma abin da yake bayarwa ba barcin gyaran jiki ba ne, kuma mayensa yana kaiwa har washegari. Haɗa su biyun yana iya tsayar da numfashi.

Ƙailula

Eliud Kipchoge, ɗan Kenya da ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a Viyana a 2019, yana kwanciya da wuri a sansaninsu na Kaptagat, yana kuma barcin rana tsakanin atisayen safe da na yamma. Mu ba sai an koya mana wannan ba, muna da ita tun kaka da kakanni, sai dai a gyara yadda ake yin ta.

Lokacinta tsakanin ƙarfe ɗaya da uku, kafin azahar ko bayanta. Tsawonta iri biyu ne. Gajeriya, minti 20 zuwa 30, ita ce ta kullum: tana wartsake hankali ba tare da an nutse cikin barci mai nauyi ba. Doguwa, minti 90, zagaye guda cikakke, ta ranar da aka yi asarar dare ce ko ranar da za a yi wasan dare. Tsakanin biyun nan ne ake tashi da magagi, kai ya yi nauyi, jiki ya mutu. Ka sa ƙararrawar waya ko ka ce wa wani ya tashe ka. Ka bar aƙalla minti 30 tsakanin tashi da shiga fili, ka wanke fuska, ka sha ruwa, ka taka. Bayan la'asar kada ka kwanta, domin barcin dare za ka ci. Ko barci bai zo ba, kwanciya a inuwa ido rufe tana da amfaninta.

Komawa barci bayan sallar asuba fa? Malamai ba su cika son sa ba, manomi da damina ma ba shi da sararinsa. Na fi ganin a tsaya a kan lokacin tashi guda, a fita hasken safiya, domin shi ke saita agogon jiki ya sa barci ya zo da wuri da dare.

Zafi, sauro da sanyi

Jiki ba ya shiga barci sai zafin cikinsa ya ɗan sauka. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ɗakin bulo mai rufin kwano yana riƙe zafi har tsakar dare. Ka yi wanka dab da kwanciya. Ka buɗe taga da ƙofa iska ta ratsa. Katifar soso tana tara zafi. Tabarma ko gadon kara sun fi ta a wannan lokaci. Inda tsaro ya bari, a yayyafa ruwa a tsakar gida a kwana a waje. Jiƙaƙƙen zane a kan ƙirji da ƙafafu yana aiki idan akwai 'yar iska ko fankar sola.

Ko a ciki ko a waje, gidan sauro dole ne, musamman garuruwan bakin Gulbin Zamfara da ƙauyukan fadama, daga tsakiyar damina zuwa kaka. Kukan sauro yana tsinka barci, zazzaɓinsa kuma yana cinye makonni na atisaye, daidai lokacin da ake shirin damben kaka. Da hunturu barci yana daɗi, amma ƙura tana toshe hanci, tsoka kuma tana tashi a sandare. A rufe taga ta ɓangaren iska, a tsawaita ɗumama jiki kafin gudun safe.

Daren da ba a yi barci ba

Ba zai yiwu a yi maganar barci a yammacin Zamfara a tsallake tsaro ba. Samarin da ke buga ƙwallo da yamma su ne dai ke gadin unguwa da dare, wasu kuma suna cikin Askarawan Zamfara da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Janairun 2024. Akwai ƙauyukan da ake kwana da takalmi a ƙafa. Wanda ke cikin wannan hali ba ya bukatar a yi masa wa'azin awa takwas, yana bukatar ya san yadda zai rage ɓarna.

Idan ka san yau kai ke da gadi, yi doguwar ƙailula tun da rana. Idan ana iya raba daren, a raba shi gida biyu kowa ya samu awa huɗu a jere, ya fi a yi ta tashin juna kowace awa. Washegari ba ranar gwada ƙarfi ba ce: ba karawa, ba gudun tsere, ba ɗaga nauyin da ya kai iyakarka. Sassarfa, miƙe gaɓoɓi da taɓa ƙwallo sun isa. Mai horarwa ya riƙa tambaya kafin a fara, wa ya yi gadi jiya, ya ware su. Kuma ba abin kunya ba ne ya je wurin mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaran nan uku suna da wasa ranar Asabar, a taimaka a ɗaga musu gadin Alhamis da Juma'a, za su rama a mako mai zuwa."

Akwai kuma wanda ko an ba shi daren ba ya iya barci, saboda abin da idonsa ya gani. Yana firgita, yana mugun mafarki, ƙaramin motsi ya tashe shi. Motsa jiki da rana da zama cikin abokai suna rage wannan, amma idan ya wuce wata guda abin na likita ne. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Zuwa can ya fi sayen ƙwayar barci a kemis.

Makon wasa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Barcin da zai yi maka aiki ranar wasa shi ne na kwana biyar zuwa bakwai da suka gabata. A wannan mako ka matso da kwanciyarka da minti 30 zuwa awa ɗaya, ka riƙe ƙailula, a kuma rage nauyin atisaye. Daren jajibiri kusan kowa yana juye-juye, har manyan 'yan wasa, kuma dare ɗaya ba ya rushe abin da aka tara. Idan ka yi kamar minti 20 barci bai zo ba, tashi ka zauna a duhu, ka ja carbi, ka riƙa jan numfashi a hankali kana sakin sa a hankali fiye da yadda ka ja, sai ka ji gyangyaɗi ka koma. Kada ka duba agogo.

Masu tafiya dambe Gusau, Sakkwato, Kano ko Dei-Dei ta Abuja su isa da kwana ɗaya a gaba idan aljihu ya yarda. Hanyoyinmu dama ba na dare ba ne. Ka tafi da gidan sauronka da mayafinka, ka nemi kwanar da ta fi nisa da makaɗa da masu karta.

Bayan wasan dare jiki ba ya sauka nan take. Ka kwance kara daga hannu, ka taka na minti goma, ka sha ruwa, ka ci abinci marar nauyi, ka yi wanka. Kallon bidiyon wasan ya jira gobe, ko kai ka yi kisa ko kai aka kashe.

Duka a kai yana da hukuncinsa daban. Wanda ya faɗi ya suma, ko ya tashi bai san inda yake ba, ya gama wasa a ranar, ko da saura turmi biyu, ko da makaɗi yana ta kiran sunansa. Yana iya barci, hutu ma shi ne maganinsa, amma kada ya kwana shi kaɗai, kada kuma a ba shi maganin barci ko tiramol. Wani ya kwana kusa da shi yana duba shi. Idan yana amai a kai a kai, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko an tashe shi ya kasa farkawa sosai, ko magana ta karkace, ko wani sashe na jiki ya mutu, ko ya yi jijjiga, ko ruwa ko jini na fita ta kunne ko hanci, asibiti za a nufa a daren, ba a jira safiya ba. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, ba ya komawa karawa sai ciwon kai da jiri sun ɗauke gaba ɗaya kuma ma'aikacin lafiya ya duba shi.

Da azumi dare yana rabuwa biyu. A kwanta da an sauko daga asham, a tashi sahur, a cike giɓin da doguwar ƙailula. Atisaye marar nauyi ya dace da goshin magariba, mai ɗan nauyi kuma awa ɗaya zuwa biyu bayan buɗa baki. Shayin buɗa baki ya zama marar ƙarfi. A goman ƙarshe, masu tahajjud su ajiye atisaye mai tsanani gaba ɗaya. Kwana goma na sassauci ba sa zubar da ƙarfin da aka yi watanni ana tarawa.

Yadda za ka san tsarin yana aiki

Ka samu ƙaramin littafi. Kowace safiya, kafin ka tashi daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. Rubuta shi, da lokacin da ka kwanta, da lokacin da ka tashi, da maki ɗaya zuwa biyar na yadda jikinka yake. Sau ɗaya a mako ka zagaye filin da kuka saba sau adadi guda, wani ya riƙe maka agogo. Bayan mako biyu za ka san bugun zuciyarka na yau da kullum. Idan ya haura da kamar bakwai zuwa goma kwana biyu ko uku a jere, ga kasala, ga saurin fushi, jiki bai gama gyara ba ne ko ciwo na tafe: a rage atisaye, a ƙara barci. Mai horarwa ya riƙa duba littattafan nan ranar da ya ga dama ba tare da sanarwa ba.

Idan kuwa ka cika awanninka mako uku ko huɗu gajiya ba ta tafi ba, matsalar ba ta barci ba ce kaɗai. A gwada zazzaɓin cizon sauro, a auna yawan jini. Ɗan kokawa mai jiki da kauri a wuya, wanda abokan kwanansa ke cewa yana minshari har numfashinsa ya ɗauke ya dawo da shaƙuwa, ya faɗa wa likita haka, domin cuta ce mai magani. Sai abin da ya keɓanci yankinmu. Tun 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma, an san cewa ƙurar niƙan dutsen nan guba ce. Ga babba tana zuwa da kasala, ciwon kai, ciwon ciki, ƙarancin jini, rashin barci da raunin wuyan hannu, abubuwan da ɗan wasa zai ɗauka gajiyar atisaye ce. Mai aiki a ramin zinariya ko wurin niƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga ɗakin kwana, kada ya ajiye buhun dutse ko kayan aiki inda ake shimfiɗa. Idan ya je asibiti ya faɗi irin aikin da yake yi, ya kuma nemi a auna dalma a jininsa, domin gwajin zazzaɓi da na yawan jini ba sa nuna ta.